Alluran Dada a Bayan Bushiya

Dalilin da ya sa bushiya take yawo da ƙaya a bayanta, kuma da an taɓa ta sai ta dunƙule, shi zan gaya muku yanzu, tunda na ga kun kama wata a bayan rumbu kun kife ta da kwando kuna ta zungurinta. Atika, yar da karan nan. Kai ma Ɗanliti matso nan ka zauna, ba inda za ta. Abin nan da kuke ce wa ƙaya ba ƙaya ba ne fa, allurai ne, kuma ba wadda ba ta yi aiki ba a cikinsu.

A da can, Bushiya sunan wata yarinya ne kawai, daga baya ne sunan ya bi zuriyarta. Danginsu irin ƙananan dabbobin nan ne masu ɗan tsinin baki, gidansu yana gindin wata tsohuwar kuka. Ita ce auta. Kuma wallahi da kun ga bayanta a lokacin ba za ku ce ita ba ce. Sumul yake, gashin laushi kamar audugar rimi, duk wanda ya wuce ta sai ya ɗan shafa.

To tana da kaka ta wajen uba, kowa Dada yake ce mata. Dada ɗinki take yi. Ba na kasuwa ba, na gida. Ta yi wa wannan hula, ta yi wa wancan bante, ta like wa wata zane, ta harhaɗa tsummokara su zama abin rufa. Abin da aka san ta da shi a duk unguwar shi ne ɗinkinta ba ya warwarewa. Ƙyalle ya tsufa ya mutu ya zama raga, amma layin zaren Dada yana nan a tsaye. Har karin magana aka yi da ita, in mutum biyu sun shaƙu sai a ce ai su wane ɗinkin Dada ne.

Amma abin da ta fi ji da shi majanyi ne, ɗan zanen nan da ake ɗaure goyo da shi. Duk jaririn da aka haifa a gidan, daga 'ya'yanta har jikokinta, a majanyin da ta ɗinka aka goya shi. Tun ciki yana ƙarami za ta sayi saƙi wajen masaƙa, irin siraran nan, ta jera su gefe da gefe tana haɗawa, in ta gama ta yi masa ado a baki da zare ruwan ƙasa. Ba ta yarda kowa ya sa mata hannu.

Ita da Bushiya kuwa kullum cikin tsiya suke. Dada ta ce mata ƙawata mai bakin tsiwa, ita kuma ta ce tsohuwa mai ran ƙarfe, kin cinye zamaninki kin dawo kina cin namu. Amma tuwo ɗaya suke ci, ɗaki ɗaya suke kwana, in Dada ta ɓoye ƙuli-ƙuli a cikin ƙwarya to kowa ya san bakin wa zai shiga.

Ana nan ana nan, idon Dada ya fara tafiya. Ba ta gaya wa kowa ba. Abin da ya fara tona ta wandon baban Bushiya ne. Ya ba ta ta kama masa inda ya yage a gwiwa, ranar kasuwa ya zura ƙafa ɗaya ta wuce, ya zura ta biyu ta tsaya a hanya. Ashe ta haɗa gaba da baya ta ɗinke ƙafar wandon gaba ɗaya. Haka ya yi ta tsalle a tsakar gida da ƙafa ɗaya, matan gida suna toshe baki da mayafi. Kuma kun san ɗinkin wa ne, ba a iya farke shi ba, sai yanke ƙafar aka yi wandon ya koma gajere. Ba a gama wannan dariyar ba kuma Baba ya zo zama a tabarma ya zauna a kan allura. Wannan kam bai yi dariya ba.

Shi Baba ɗan fari ne a wajen Dada, saboda haka ba ta faɗin sunansa, kunya take ji. Wancan take ce masa. Ko magana za ta yi masa sai ta juya tana kallon bango, kamar da bangon take.

A daidai wannan lokacin ne yayar Bushiya, Lanti, ta dawo gida goyon ciki, haihuwar fari. Kun ga abin da za ta haifa shi ne tattaɓa-kunnen Dada na farko. Tun ranar da Lanti ta sauke kayanta Dada ta aika aka sayo saƙi. Da Baba ya ga saƙin ya shigo gida, sai ya je ƙofar ɗakinta ya tsuguna, ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi ƙafa, ya tambayi barci, sannan ya zo kan maganar. Ya ce shi dai yana ganin lokacin hutu ya yi, ta kawo alluran ya adana, majanyi kuwa a ba wata ta ɗinka. Ga jariri yana tafe, gobe zai yi rarrafe, allura a ƙasa ba abin wasa ba ce.

Dada ta kalli bango ta ce, "A gaya wa wancan, majanyin da aka goya shi da shi wa ya ɗinka?"

Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Ke ce, Dada."

"Ya taɓa faɗowa?"

"Ban taɓa ba."

"To."

Daga ƙarshe dai suka tsaya a kan magana ɗaya. Za ta ɗinka majanyin. Amma ranar da aka sake tsintar allura a ƙasa, ko aka sake ɗinke abin da bai kamata a ɗinke ba, zai kwashe alluran gaba ɗaya, ita kuma ba za ta ce komai ba. Dada ta ce wa bango ta yarda.

Ita kuwa Bushiya murnarta daban ce. Kun san auta ba ta da ƙani, ba ta taɓa goya kowa ba sai wata 'yar tsana da ta haɗa da totuwar masara. Kullum tana ɗaure a bayanta, da ita take shara, da ita take zuwa rijiya. Kuma a gidansu akwai wata al'ada, ranar suna da yamma ƙaramar gida ce take fara goya jariri da sabon majanyi, ta zaga tsakar gida da shi mata suna guɗa. Lanti ta riga ta yi mata alkawari. Ba wanda Bushiya ba ta gaya wa ba, har kajin maƙwabta sun sani.

Wata rana da hantsi Bushiya ta dawo daga aike, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta yi sallama ba, so take ta tsorata tsohuwar. Sai ta ga Dada zaune ita kaɗai, ta lashi bakin zare, ta murza, ta ɗaga allura wajen haske, ta tura. Zaren ya wuce ta gefe. Ta sake lasa ta sake turawa, ya sake wucewa. Haka ta yi ta yi har bakin zaren ya jiƙe ya lanƙwashe. Sai ta sauke hannun a cinya.

Bushiya ta koma da baya a hankali, sannan ta dawo da sallama da ƙarfi kamar yanzu ta iso. Ta ce tsohuwa kawo in gwada ko na iya, yau ina jin idona da kaifi. Ta zura zaren ta miƙa mata. Dada ta karɓa. Da allurar ta shiga hannunta kuwa sai ga ɗinki yana tafiya tsaf, layi miƙe kamar an ja da igiya. Nan Bushiya ta gane abin. Hannun Dada yana gani sarai, in dai saƙi ne a jere tana bin bakinsa da yatsa ba ta kuskure. Kafar allura ce kawai ta gagare ta, sai kuma in ta ajiye allurar ba ta ganin inda ta sa.

To amma zare yana ƙarewa, kun gane? In duk ƙarewar zare sai an kira Bushiya, ba za a jima ba Baba zai lura. Sai yarinyar nan ta yi dabara. Ta bi gidajen unguwa tana aron allura. Da ta shiga gidan Kurciya ta faɗi abin da ya kawo ta, Kurciya ta riƙe haɓa ta ce yau ga rijiya ta zo aron ruwa, gidan Dada ne ake neman allura? Bushiya ta hau wasa da bakin zane. Kurciya ta dube ta ta dube ta, sai ta shiga ɗaki ta ɗauko duk alluranta ta ba ta, ba ta ƙara tambaya ba. Matar Zomo ma haka, matar Kurege ma haka. Duk sun gane, kuma ba wadda ta buɗe baki, don ba gidan da babu ɗinkin Dada a cikinsa.

Ta dawo ta ɗinka wani ɗan matashi, ta cusa masa audugar rimi, ta sa masa maɗauri na farin ƙyalle. Da sassafe kafin gida ya tashi sai ta zauna ta zura wa alluran zare dukkansu, wasu fari wasu ruwan ƙasa, ta naɗe kowane zare a jikin allurarsa don kada su harɗe, ta soke su a matashin. Sai ta ajiye 'yar tsanar totuwa a bayan tukunya, ta goya matashin a madadinta, ta rufa da ɗan zane. Wanda duk ya gani zai ce goyon wasanta ne na kullum. In lokacin ɗinki ya yi sai ta zo ta zauna a gaban Dada ta ba ta baya, kamar mai jiran kitso. Dada ta zura hannu ƙarƙashin zanen ta zaro mai zare, in ya ƙare ta mayar ta zaro wata. Allura ba ta sauka ko'ina sai bayan Bushiya.

Na san abin da za ka tambaya Ɗanliti, ai in allura ce tsinin ciki yake shiga, me ya sa na bushiya yake waje. To ranar farko haka aka yi, tsini ciki. Duk sa'ad da Dada ta mayar da allura sai ta ji yarinyar ta ɗan zabura. Ta tambaye ta, ta ce ba komai, sauro ne. Dada ta ce sauron gidan ubanwa ne yake cizo daidai lokacin da na soka allura. Ta zare su duka ta juya su, kafar ta shiga cikin auduga, tsinin ya dubi sama. Bushiya ta ce ai yanzu ke za su soka.

Dada ta ce, "Yatsun nan sun yi kanta tun ba a haifi ubanki ba. Su sha. Bayan ƙawata ba zai sha ba."

Haka aiki ya yi ta tafiya. Baba yakan wuce ya gan su, tsohuwa na ɗinki jika na zaune a gabanta suna tsiya, sai ya ce wa Bushiya ke har yanzu ba ki yaye 'yar tsanar nan ba? Ta ce sai ɗan Yaya ya zo. A ɓoye kuwa yana duba tabarmi, yana duba bakin ƙofa, bai taɓa samun ko guda ba.

Lanti ta sauka lafiya, ta sami namiji. Gida ya cika da 'yan barka, ga majanyi saura adon baki. Ana gobe suna da la'asar, Dada da Bushiya suna zaune a inuwar ɗaki suna ta sauri, Baba kuma yana nan kusa da su yana kafa rumfar da baƙi za su zauna. Sai Bushiya ta ji wani ɗan ƙara a ƙirjinta, ket. Maɗaurin matashin ne ya yage, dama ya sha jiki. Ta ji matashin yana zamewa a bayanta. In ya faɗo, alluran unguwa gaba ɗaya za su watse a gaban Baba.

Ta dafe shi da hannu ta raɗa wa Dada. Ta ce bari ta lallaɓa ɗaki ta cire a gyara. Dada ta ce in kin miƙe zai zube, zauna yadda kike in kama miki shi a jikinki. To kun san ba a ɗinka wa mutum kaya a jikinsa haka kawai, tsofaffi sun ce yana jawo tsiya, sai dai ya ciji tsinke ya yi shiru har a gama. Dada ta lalubo tsinken tsintsiya ta sa mata a baki, ta ce ko me kika ji kada ki yi magana sai na ƙulle zare.

Ta fara. Nan fa aka samu matsala, don wannan ba saƙi ba ne a jere da za ta bi da yatsa. Ƙyallen laushi, gashin yarinyar laushi, hannun Dada ya kasa raba su. Allura ta ɗauki ƙyalle ta haɗa da gashi, ta haɗa da 'yar fatar sama. Bushiya ta ji zafi har tsakar kanta. Ta dubi Baba, yana nan riƙe da igiya, in ta yi ko tari zai waiwayo. Ta danne tsinken da haƙori. Dada kuwa don kada abin ya sake zamewa sai ta ce bari ta yi mai dalili, ta bi gefen matashin duka ta zagaye shi, ta gangaro ta haƙarƙari ta ƙulle a kan cikinta. Hawaye na zuba, yarinyar nan ba ta ce uffan ba. Da aka gama Dada ta zare tsinken ta ji ya tsage biyu, ta ce ke da haƙora kamar na gafiya. Suka ci gaba da adon baki, kafin magariba majanyi ya kammala.

Da Bushiya ta zaga bayan ɗaki za ta yi wanka, ta ja matashin ya ƙi. Ta sake ja, fatarta ta biyo shi. Ta tsaya tana tunani. Reza ɗaya ce za ta raba ta da shi, amma sai wani ya riƙe rezar, kuma duk wanda ya ga layin zaren nan ya san hannun wa ne. An sake ɗinke abin da bai kamata a ɗinke ba ke nan, kuma ba wando ba wannan karon, 'yar Baba ce sukutum. Ta shafa man kaɗe a wurin, ta mayar da zanenta ta rufe. Ranar a kife ta kwana.

Gari ya waye aka raɗa suna, aka ci aka sha. Da yamma mata suka cika tsakar gida, aka fito da majanyi ana ta miƙa shi hannu zuwa hannu. Har Baba aka kira ya gani. Ya juya gaba ya juya baya, ya ja da ƙarfi, ya bi layin da farce. Ba inda ya karkace. Ya yi murmushi ya ce lallai Dada tana nan da sauranta. Dada ta ce wa bango ai dama ba ta je ko'ina ba.

Sai Lanti ta ɗago jaririn ta ce, "Auta, sauke 'yar tsanar nan, ga ɗanki ya zo."

Bushiya ta dubi yaron. Ɗan mitsitsi, an shafa masa kwalli, yana ta motsa baki. Tun yaushe take jiran wannan yammar. Amma sai ta ce ita ta fasa, a ba wata.

Mata suka kwashe da dariya, suka ce kunya ce ta kama uwar ɗa. Matar Kurege ta ce ke da kika hana mu barci da zancen goyo? Wata baƙuwa da ta zo daga dangin mijin Lanti, ita ba ta san komai ba, ta ce kawo in taya ki kwancewa, ta kama ɗan zanen ta fizge. Sai ga allurai cirko-cirko a bayan yarinya suna ƙyalli a rana.

Baba ya ajiye majanyin ya taho, ya ce mene ne wannan, juyo in gani. Bushiya ta san in ya ga cikinta zai ga ƙullin zaren. Sai ta faɗi ƙasa ta cusa kai, ta janye hannu da ƙafa, ta naɗe jikinta ta zama curi guda, ko ta ina ka zo tsini ne. Wannan ita ce dunƙulewar farko da bushiya ta yi a duniya. Baba ya kai hannu ya janye da sauri. Innarta ta lallashe ta, ta ƙi. Lanti ta yi, ta ƙi.

Dada tana jin hayaniya ba ta ganin abin da ake yi. Ta taso da lalube, aka buɗa mata hanya, ta durƙusa. Ita tsini ba ya hana ta. Ta zura yatsa ta bi gefen matashin a hankali, ta ji inda ƙyalle ya ƙare, ta ji zaren bai ƙare ba, ya ci gaba cikin fata. Ta san ɗinkinta. Hannun ya tsaya cak.

Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta bar bango ta juyo wajen da ta ji numfashin ɗanta, ta yi masa magana kai tsaye.

"Kai, ni na ɗinke maka 'ya. Ido ya tafi tun bara, ita take ara mini nata. Kawo reza a cire mata, ka kwashe alluran. Na yi alkawari, ba zan ce komai ba."

Daga cikin curin nan sai aka ji 'yar murya a toshe ta ce, "Ba zan buɗe ba."

Baba ya tsuguna. Ya ce ta buɗe a cire mata ta goyi ɗanta, ba abin da zai yi wa kowa. Ta ce in an cire zai kwashe alluran? Bai ce a'a ba, don shi ba ya ƙarya. Ya ce shi ba ɗinkin yake ƙi ba, tsoro yake ji. Yau ga abin da ya faru, gobe kuma maɗauri ya sake tsinkewa allurai su zube inda yaro yake rarrafe, wa zai tsince su duka?

Muryar ta ce, "Baba, maɗauri ne yake tsinkewa. Wannan ɗinkin Dada ne."

Kun gane abin da take nufi? Duk gidan ba wurin da allura za ta zauna a tabbata ba za ta faɗi ba sai bayanta, tunda yanzu ba kwancewa zai yi ba. In an bar mata shi, Dada ta ci gaba da ɗinkinta. Saƙi da hula da faci duk a shimfiɗe, ba za a sake yi a jikin kowa ba. Baba ya tambaye ta ko yana mata zafi, ta ce ya daina tun safe, ƙaiƙayi ne kawai. Ya dubi uwarsa, ta zauna dirshan a ƙasa hannuwanta a cinya ba abin da suke riƙe da shi, kamar ba nata ba. Bai taɓa ganin hannun nan a zaune ba. Ya share ido da bakin riga.

Ya ce, "Na yarda. Muddin alluran suna komawa bayanki, ba zan taɓa ko ɗaya ba. Amma Auta, kin san mai wannan bayan ba ta goyo."

Curin ya ɗan motsa. Sannan ta ce ta sani.

Kurciya ta ce nata alluran ta bar su, sauran mata ma suka ce haka, in suna bukata sun san inda za su zo. A hankali Bushiya ta warware, fuska duk ƙasa da hawaye. Dada ta jawo ta tana shafa kanta, ta ce ja'ira, tsinke na ce ki ciza, ban ce ki cinye ranki ba. Bushiya ta ce ke ma da kin san aikinki ai da ba ki haɗa da naman mutane ba. Mata suka yi dariya, wasu suna sharar ido.

Sai Dada ta ce a miƙo mata majanyin, a miƙo yaron. Innar Bushiya ta ce Dada a ina za a sa shi? Dada ta ce, "Wa ya ce muku goyo sai a baya?" Ta lalubi ƙirjin Bushiya, inda farin ƙyallen nan ya kwanta, wurin laushi ba allura ko ɗaya. Ta kwantar da jaririn a nan, ta zagayo da majanyin ta ƙarƙashin matashin ta ɗaure tam. Bushiya ta rungume shi ta ɗan ranƙwafo a kansa, allurai duk suna kallon waje, ko ƙuda ba zai iya kaiwa gare shi ba. Ta miƙe ta zaga tsakar gida ana guɗa. Da ta gama zagaye ɗaya aka ce ta kawo shi, ta yi kamar ba ta ji ba ta sake wani.

Dada ta jima bayan nan. Ta ɗinka wa yaron hula, ta ɗinka masa rigar yaye, ta yi majanyin ƙannensa. Kullum da safe Bushiya ta zura zare, da hantsi ta zo ta ba ta baya suna tsiya. Ranar da Dada ta rasu, bayan an share makoki, Baba ya ce to Auta, yanzu sai a cire. Aka duba, gashi ya tsiro ta cikin matashin, fata ta rufe zaren, ba a ma gane inda ƙyalle ya tsaya jiki ya fara. Ita ma ta ce a bar mata kayanta. Da ta yi aure ta haihu kuwa, sai ga 'ya'yan da 'yan alluransu ƙanana masu laushi. Kada ku tambaye ni yadda aka yi abin ya bi jini, ku dubi kunnen Baffa ku dubi naku.

Shi ya sa har yau in kuka ɗaga bushiya za ku ga alluran da ratsin fari da ruwan ƙasa, sauran zaren ne a naɗe, tsinin kuma yana waje yadda Dada ta juya shi. Cikinta fari ne mai laushi, nan ne wurin goyon. In kun taɓa ta ta dunƙule, ba faɗa take nema ba, gani take an zo da reza. Atika, ɗaga kwandon nan ku ja baya, da kanta za ta warware ta tafi. Kai kuma Ɗanliti, tun ɗazu Iya take zaune a ƙofar ɗaki tana lasar zare, ba za ta kira kowa ba. Je ka ce kana so ka gwada ko ka iya.